Kuɗin baikon godiya ya raba kan kwamitinmu: taron farkawa ko hatsi? A ba mu shawara

Sakataren_Matasa_KT

Salama gare ku 'yan'uwa cikin sunan Yesu. Iyayenmu da ke cikin zauren nan ina gaishe ku, Allah ya ƙara girma.

Don Allah shawara nake nema kuma a gaya mani gaskiya ko da ba za ta yi mani daɗi ba. Ni ne sakataren matasa a wata 'yar ekklesiya nan cikin garin Katsina, ba mu da yawa, akasari ƙananan ma'aikata ne da masu sana'ar hannu, sai kuma 'yan'uwanmu da suka taso daga ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Ɗanmusa saboda ɓarayin daji, wasu suna raɓe gidajen dangi wasu kuma cikin kangaye. Bana mun yi baikon godiya na kaka Allah ya sa albarka, abin da aka tara ya wuce yadda muka zata, har da 'yan buhunan masara da dawa da waɗanda suka samu yin noma suka kawo. To daga nan ne fa kan kwamiti ya rabu.

Wasu sun ce a yi taron farkawa na kwana ukku, a ɗauko hayar kanofi da kujeru da janareto, a gayyato baƙon mai wa'azi daga Jos, wai mutane sun yi sanyi, ko addu'ar Laraba ba a cika zuwa ba, kuma aikin ekklesiya ceton rai ne, rabon tuwo na gwamnati ne da ƙungiyoyi. Su kuwa iyayenmu na Zumuntar Mata sun ce wace farkawa za a yi wa wanda ya kwana bai ci ba, a sayi hatsi tun yana da sauƙi a ajiye. Akwai kuma wani Baba da ya ce duk ku bar wannan, kwanon coci yana yoyo. Ba wanda ya goya mashi baya amma fa gaskiya yana yoyon.

Abin da ya fi ɗaure mani kai shi ne ko an yarda a sayi hatsin wa za a ba? Layinmu mu kaɗai ne Kirista, gidan da ke kallon ƙofar coci wata baiwar Allah ce musulma mijinta ya rasu ya bar ta da yara, kowa ya san halin da take ciki, ga almajirai kullum suna tsaye bakin get in an tashi sujada. Wani dattijo ya ce kada mu kuskura, za a ce muna sayen mutane da masara kuma kun san maganar addini a ƙasar nan ba ta buƙatar ashana biyu. Wani kuma ya ce in mun ba namu kaɗai to mi ya bambanta mu da ƙungiyar 'yan gari ɗaya. Ranar Asabar mai zuwa za a sake zama, ni kuma matasa sun ce in je da matsayarsu. Waɗanda suka taɓa yin irin wannan aikin don Allah ku taimaka.

Maman_Zumunta_MLF

Ɗana sakatare sannu da ƙoƙari. Ni daga wajen Malumfashi nake rubuto maka, yarinyata ce ke taya ni dannawa don idanun sun fara gajiya.

Ka gaya ma masu cewa rabon tuwo ba aikin ekklesiya ba ne su buɗe Ayyukan Manzanni sura 6. Rigimar farko da aka yi a ekklesiya ba kan koyarwa aka yi ta ba, kan rabon abincin gwauraye ne, wasu suka ce ana mantawa da nasu. Manzanni ba su ce ku tafi wurin gwamnati ba, cewa suka yi a zaɓo mutum bakwai masu kyakkyawar shaida cike da Ruhu da hikima a damƙa masu aikin. Istifanus yana cikinsu. Kenan mai riƙe tiya ma sai an duba ruhaniyarsa. Yakubu kuma a sura 2 ya riga ya gama maganar, ka ce ma ɗan'uwa mai yunwa ka sauka lafiya ka ji ɗumi ka ƙoshi alhali ba ka ba shi komai ba, mi ka yi kenan.

Yanzu bari in gaya maka yadda muke yi, don maganar baki ba ta cika rumbu. Mu tun iyayenmu akwai rumbun ekklesiya, da kaka kowane gida ya kawo dami gwargwadon hali, mai ɗaya ya kawo ɗaya. Yanzu rumbu ya zama haɗari, ko ɓarayi su fasa ko su cinna mashi wuta, shi ya sa muka koma buhu. Ku sayi hatsin yanzu da kaka, kada ku raba yanzu. Yanzu kowa yana ɗan samu, ko kala mace ta je ta yi za ta samo na kunu. Wahalar tana watan bakwai da na takwas, lokacin tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, ga kuɗin taki ga zazzaɓin yara, a nan ne za ka ga magidanci ya sayar da akuyar matarsa. Ku nemi buhun PICS mai leda biyu a ciki, in hatsin ya bushe sosai aka ɗaure bakin kowace leda daban ƙwari ba sa rayuwa ciki, ba sai kun zuba maganin ƙwari ba, don Allah kada ku zuba ma abincin mutane guba da sunan adani. A ɗora buhunan kan katako kada su taɓa siminti.

Buhu ɗaya wajen tiya 40 ne. Ka zauna ka yi lissafi da biro, gida mai mutum takwas tiya ɗaya ba ta wuce masu yini guda in za su ci sau biyu, sai ka ga buhun da kake gani kamar dutse ba ya kai ko'ina. Shi ya sa mu kashi biyu muke yi. Gwauraye da tsofaffi da marasa lafiya kyauta ne. Magidanci mai ƙarfi kuwa rance ne, ya ɗauki tiya goma da damina ya maido tiya goma da kaka, ba ƙari ko ƙwaya ɗaya, kuma ka san wani abu, mazan sun fi son rancen, don mutum yana shiga ya fita da kansa a sama.

Sannan abin da na fi so ka riƙe, kada a kira sunan kowa daga kan bagade, kada a jera mutane layi a harabar coci da rana tsaka kowa da buhunsa a hannu. Akwai matar da na sani ta gwammace ta kwana da ruwan zafi da ɗan kanwa da a gan ta cikin layi, mijinta mai shanu ne kafin a kore su. Mu bayan magariba muke aikawa, mata biyu su ɗauka cikin kwando a rufe da zane kamar masu zuwa barka, su zauna su gaisa su yi addu'a in gidan namu ne, su tashi su bar kwandon. Gobe yaro ya maido kwando. Ita maƙwabciyar taku ma haka za ku yi mata, mata su je ba maza ba, kuma a matsayin maƙwabta.

Ɗan_Bishara_Ƙafur

Mama na gaishe ki, Allah ya ƙara lafiya. Duk abin da kika faɗa gaskiya ne amma a ba ni dama in tsaya ma ɗaya ɓangaren kaɗan don na ga kamar za a mai da su marasa tausayi.

Wannan sura 6 ɗin da Mama ta kawo, a cikinta ne manzanni suka ce bai kamata su bar maganar Allah su koma hidimar abinci ba, za su lizimci addu'a da koyarwa. Kenan ba su yarda ɗaya ya cinye ɗaya ba. Kuma Ubangiji da kansa bayan ya ciyar da mutum dubu biyar, washegari da suka biyo shi ya gaya masu a fili cewa don sun ci gurasa sun ƙoshi ne suke nemansa, ku duba Yohanna 6. Na ga inda aka fara rabon shinkafa coci ya cika har waje, shinkafa ta ƙare benci ya koma wayam.

Ni aikina yawo ne cikin ƙauyuka kuma abin da nake gani masara ba ta maganinsa. Mutumin da aka ɗauka ya yi watanni a daji, an sayar da gona da shanun huɗa an biya kuɗin fansa, ya dawo ba ya barci, babur ya wuce da dare sai ya zabura ya yi bayan gida. Yaron da aka harbe ubansa a gabansa, yanzu ba ya maganar komai sai ramuwa. Mace ta dawo daga hannunsu da ciki, miji ya kasa haɗa ido da ita, uwar miji tana habaici, matan coci ma in ta shigo sai a matsa gefe. Wa zai je ya zauna da wannan mijin? Wa zai ce ma ekklesiya wannan 'yarmu ce ba ita ta kai kanta ba? Wannan aikin namu ne, ba wata ƙungiya da za ta zo ta yi mana shi. Akwai waɗanda suka daina zuwa sujada ba don yunwa ba, fushi suke da Allah kuma ba wanda ya ba su wurin faɗa.

To amma sakatare, farkawa ba kanofi ba ce. Kuɗin motar baƙo da masaukinsa da man janareto na kwana ukku kaɗai zai sayi buhu nawa? Kuma baƙon zai yi wa'azi da Turanci ana fassarawa ya tafi ranar Litinin bai san sunan ko mutum ɗaya ba. Ku roƙi fastocin da ke kusa da ku cikin LCC ɗinku, wato majalisar ekklesiyoyin yankinku, su sun san ciwon. Ku raba dattawa da matasa gida gida kowane mako, a je a zauna a saurara, ba a je a yi ta surutu ba. Ku buɗe ajin yaƙi da jahilci da yamma, da yawa cikin iyayenmu da suka taso daga ƙauye ba su iya karanta Littafi Mai Tsarki da kansu ba alhali tun 1932 yake da Hausa, wanda ido ya gaza a sa mashi na saurare a memori. Duk wannan alli ne da allo da ƙafa.

NasTalatu

Ina gaida iyaye. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Katsina, zan yi magana kan abin da na sani kawai.

Sakatare in kuna neman inda ƙaramin kuɗi zai ceci rai to ku dubi yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Tamowa ta yi mana katutu a jihar nan, ƙungiyar likitoci ta MSF da ke aiki a Katsina tun 2021 ta faɗa cewa yara 652 suka rasu a cibiyoyinta cikin wata shida na farkon 2025, kuma babban dalilin shi ne ba a kawo su da wuri. Wannan rashin kawowa da wurin shi ne wurin da ekklesiya za ta iya shiga. Maganin kyauta ne a cibiyoyin, abin da ke hana uwa zuwa kuɗin mota ne, da wanda zai riƙe mata sauran yaran, da abin da ita za ta ci in an kwantar da su, wani lokacin kuma maigida ne ya ce ba inda za ta ko kaka ta ce ciwon shawara ne a jiƙa saiwa.

Akwai wani ɗan tef da ake auna damtsen yaro da shi daga wata 6 zuwa shekara 5, kala ukku gare shi. In ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, wannan ba maganar kunu ba ce, a tafi asibiti ranar. Ruwan ɗorawa daga 11.5 zuwa 12.5 yaro yana bakin rami. Kore lafiya. Duk macen Zumunta za ta iya koyon wannan cikin zama ɗaya ko ba ta yi boko ba. Haka in ƙafafun yaro biyu sun kumbura, ki danna da babban yatsa ki ƙirga ukku ki ɗaga, in wurin ya lotsa bai taso ba to a gaggauta, kada a ce ƙiba ce. Sau da yawa yaron da aka ce ya yi ɓulɓul shi ne ya fi kusa da mutuwa.

Ga yaran da ba su kai ja ba, maimakon ku raba masara zalla ku ware wani kaso ku yi garin Tom Brown. Awo 6 na hatsi, gero ko dawa ko masara ko a haɗa, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa, a gyara a soya kowanne daban sama sama a cire ma waken ɓawo a niƙa tare, a dama kamar kunu mai kauri. Mata su taru su yi da hannunsu don kowa ta koya ta je ta yi a gida. Jariri kuwa nono zalla har wata 6 ko ruwa ba a ba shi, na san kakanni za su yi faɗa. In gudawa ta kama yaro kuma ba a samu ORS na leda ba, wato garin gishiri da sukari na asibiti, lita ɗaya na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Da damina kuma masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro suna bi gida gida kowane wata don yara daga wata 3 zuwa 59, fasto ya yi sanarwa a buɗe masu ƙofa kuma a ƙarasa ba yaro na kwana biyun da ake bari a hannun uwa.

Roƙo ɗaya, don Allah kada ku tara kuɗi ku sayo kwalayen magani ku ce za ku yi asibitin kyauta na yini ɗaya ba likita ba gwaji. Ku ajiye asusun gaggawa a hannun mutum biyu amintattu, na kuɗin mota da katin asibiti, wanda za a iya bugawa waya ƙarfe biyun dare in naƙuda ta zo da gardama. Matasan ku kuma su je a duba rukunin jininsu a rubuta a littafi. Ranar da mai haihuwa ke zubar da jini ba wanda ke tambayar addinin ledar jinin, mu dai mu samu.

Bako_a_Daura

Slm yan uwa. Ni aiki ya kawoni Daura shekaru da dama, mu nan bamu da matsalar yan bindiga kamar kudancin jiha amma tsadar rayuwa tun da aka cire tallafin mai a 2023 ga kuma rufe boda da akayi bayan juyin mulkin Nijar, kowa yaji a jikinsa, garin da rabin cinikinsa da Kongolam ne.

Akan maganar makwabta musulmi dattijon ku baiyi karya ba, tsoron yana da dalili, amma maganinsa ba janye hannu bane, maganinsa shiga ta kofa. Kasar nan tana da masu ita. Kafin kuyi komai a unguwa fasto da dattawa biyu suje gaida mai unguwa, a fada masa ga abinda muke da niyya, a roke shi shi da limamin unguwa su nuna gidajen da sukafi bukata tunda sun fi ku sanin cikin gidajen. In ya sa hannu duk wanda yazo da wata magana shi zai tare muku. Mu da muka gyara bohol din cocinmu famfo daya muka fitar ta jikin katanga waje, ba allo ba rubutu, yan garuwa da yara suna diba, da aka sace kan famfon ma samarin layin ne suka hada kudi suka sayo wani kafin mu ji labari.

Kuma don Allah kada a saka takardar wa'azi cikin buhu, kada ace sai kinzo coci ranar lahadi zaki karba. Ranar da kukayi haka kun tabbatar da zargin da ake muku kuma kun bata sunan duk wani kirista dake garin. Basamariyen nan na Luka 10 da ya dauki mutumin da yan fashi suka sassara bai tsaya yi masa tambayoyi ba, ya biya mai masauki ya wuce. In wani ya tambayeka dalili ka fada masa gaskiya cewa Ubangijinka ne ya umarceka, iyakar nan. Irmiya 29:7 tace ku nemi zaman lafiyar garin da kuke ciki ku yi masa addu'a don lafiyarsa itace taku.

Kar kuma mu dauka mu kadai ne masu bayarwa. Ni naman layya har sai na rasa inda zan sa, da matata ta kwanta asibiti makwabciyarmu Hajiya ce ta rike mana yara. Almajirai kuwa ku basu abinci dafaffe a bakin get kamar yadda kowane gida ke basu, kada ku shigo dasu cikin coci, yaran mutane ne amana a hannun malaminsu.

Gaskiya_Ɗaci

Ni duk na ji amma tambayata ɗaya wa zai riƙe makullin sito 😂 don mun sha gani, a ce na gwauraye ne ƙarshe ka ga buhun a kicin ɗin ɗan kwamiti. Kuma wannan ɗabi'ar ta a miƙa ma tsohuwa taliya biyu mutum bakwai su tsaya bayanta a ɗauki hoto a sa Facebook, don Allah a daina. Matiyu 6 cewa ta yi kada hagunka ta san abin da damarka ke yi, mu kuwa har da kamaraman. Sannan in zaɓe ya matso ɗan siyasa ya aiko da shinkafa mai hotonsa ku san a kan mi kuke karɓa.

Baba_Dattijo

'Ya'yana Allah ya yi maku albarka, na ji daɗin wannan zance. Sakatare bari in ba ka ɗan tarihi ka kai ma kwamitinku, don gardamar nan ta girme ku duka.

Ka hau hanyar Batsari kaɗan daga cikin gari za ka iske Babbar Ruga. Zamanin Turawa ba a yarda 'yan mishan su shiga ƙasar sarakuna su yi wa'azi yadda suka ga dama ba. Abin da ya buɗe ƙofa kuturta ce. A shekarun 1930, zamanin Sarki Dikko, aka damƙa ma ƙungiyar mishan ta SIM kula da kutare a Babbar Ruga, kamar yadda aka ba su Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato. Lokacin kuturu ko danginsa ba su cin abinci kwano ɗaya da shi, sai ga wasu suna wanke mashi gyambo da hannunsu. Asibitin ido na ECWA da ke Kano ma daga wannan aikin mishan ɗin ya fito, har gobe ka je ka ga layi, akasarinsu musulmi ne, wasu daga Nijar. Daga baya gwamnati ta karɓi Babbar Ruga, kuma tun shekarun 1980 wani likita ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees, ya mai da wurin inda ake ɗinke matan da ke yoyon fitsari, yau cibiya ce ta ƙasa baki ɗaya. Iyayenmu da yawa na ƙasar Malumfashi da Ƙafur da Matazu ta hanyar ɗakin magani da ajin karatu suka fara jin bishara. Ko Katolika da suka samu dayosis ɗin Katsina a 2023 aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi ne, ɗan ƙasa.

Amma zan faɗa maku ɗaya gefen don ku yara ba ku san shi ba. A wancan zamanin an sha haɗa magani da wa'azi a ƙulli ɗaya, mai ciwo ba shi da zaɓi sai ya zauna ya ji, kuma zargin da ya biyo baya bai mutu ba har yau, shi ne wanda dattijonku ke jin tsoro. Saboda haka abin da ɗana na Daura ya faɗa ku riƙe shi da kyau. Galatiyawa 6:10 ta ce mu yi ma kowa alheri, tun ba ma 'yan'uwa masu bi ba. Kowa ta ce, sannan ta ce a fara daga gida. Ba daidai ba ne gwauruwar da ke share maku coci ta kwana da yunwa kuna rabo a waje don a yabe ku, ba daidai ba ne kuma ku toshe ido ga ƙofar da ke kallon taku.

Gaskiya_Ɗaci bakinka da kaifi amma ka yi tambaya. Kwaɗo biyu ake sa ma sito, makulli ɗaya wurin ma'aji ɗaya wurin shugabar mata, fasto kada ya riƙe ko ɗaya don a tsare mashi mutuncinsa. Abin da ya shiga da abin da ya fita a karanta ma ekklesiya duk wata, adadin tiya ba sunayen mutane ba. Shi kuma mai maganar kwano kada ku yi mashi dariya, in a cocin za ku ajiye hatsin to shi ya fi ku duka hangen nesa.

Sakataren_Matasa_KT

Kai na gode ƙwarai iyayena, Allah ya saka. Na kwafe duka na tura ma shugaban matasa da Baba Fasto. Mun zauna da matasa jiya da yamma, abin da za mu kai ranar Asabar shi ne a fasa kanofi da baƙo, a yi farkawar cikin coci da fastocin kusa, kaso mafi yawa a sayi dawa da masara a ajiye sai damina, a ware na asusun gaggawa, a sayi bandir ɗaya na kwano a toshe inda ya fi yoyo. Matasa sun yarda da maganar jini, mutum biyu ne kawai suka ce suna tsoron allura. Ajin karatu wata malamar firamare cikinmu ta ce za ta ɗauka Talata da Alhamis. Zuwa wurin mai unguwa ne Baba Fasto ya ce sai ya fara shawara da dattawa tukuna, ban san yadda za ta kaya ba don dattijon nan har yanzu yana kan bakansa.

Anti Talatu don Allah ina ake samun tef ɗin awon, kuma za ki iya zuwa ki koya ma matanmu ko ki haɗa mu da wani? Mama kuma masarar da aka kawo baiko wasu buhunan kamar da ɗan danshi, a zuba su haka cikin PICS ɗin?

NasTalatu

Ku tambaya a asibitin sha ka tafi mafi kusa da ku wurin mai kula da abincin yara, su ke da shi. Ka turo mani saƙo ta inbox mu sa rana, amma ban da Litinin.

Maman_Zumunta_MLF

A'a ɗana kada ku kuskura, mai danshi in ka rufe ta cikin leda fumfuna za ta yi ta baƙi, kuma irin wannan masarar ciwo ce ga hanta. Ku juye ta kan tamfol a rana kwana biyu ko ukku ana motsawa, yara su tsare kaji. In kana so ka gane ta bushe ka ciji ƙwaya ɗaya, in ta fashe ƙaras to ta yi, in haƙori ya nutse a mai da ta rana. Ku bari ta huce a inuwa kafin a ɗura. Wadda ta riga ta canza kala ku ware ta daban kada a haɗa da mai kyau.